Taken Firinsifal da Makullin Ɗakin Kiɗa

Jikana Nura ne ya jawo wannan rubutu. Ya dawo daga kwaleji da takardar koyarwa, abokansa suka zo yi masa barka, aka shiga musun wane darasi ya fi sauƙi. Nura ya ce kiɗa. Wai ai kiɗa ba koyarwa ba ce, ka miƙa wa yaro ganga ka koma gindin bishiya ka yi gyangyaɗi. Ina zaune a wurin ya faɗa, na ji da kunnuwana biyu, ko da yake ɗayan ya daɗe da yin ritaya. Na ce a ba ni biro da littafi. Gida ya ɗauki dariya, don kowa ya san iyakar karatuna: wata bakwai na yi a ajin yaƙi da jahilci, uku daga ciki a bakin taga nake ina kallon masu tallan gyaɗa. To ga shi dai na rubuta. Inda kuka ga harafi ya kwanta ku tashe shi, gajiya ce.

Sunana Sallau. Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina koyar da kiɗa a wata sakandaren kwana ta maza a ƙasar Kazaure. Ba zan faɗi sunanta ba, waɗanda suka yi ta sun san kansu. Kafin nan ni makaɗin mahauta ne, kamar kawuna, kamar kakana.

Aikin farko da Kawu Barau ya ba ni ba kiɗa ba ne, jiƙa fata ne. Kalangu abu huɗu ne: kango, wato itacen da aka fafe, sai fata baki biyu, sai tsirkiya da ke ɗaure su, sai gula da ake bugu da ita. Fatar ta ɗan akuya ce, mai laushi, a kankare gashin a hankali, don in wuƙa ta ci ta ko kaɗan, ranar da ka fi bukatarta za ta fashe. Shekara biyu ina wannan, ina murza tsirkiya a cinya har gashin cinyata ya ƙare, bai kuma dawo ba har yau. Muna bin kasuwanni, yau Kazaure, gobe Roni, wani lokaci mu hau babbar mota mu tafi Babura. Kawu yana gaba da babban kalangu, ni ina baya da ɗan karɓi, ƙaramin da ke amsa masa. In na kuskure ba ya waiwayowa. Gula kawai zan ji a tsakar ka, ya kuma ci gaba da kiɗansa bai rasa ko bugu ɗaya ba.

Wata rana a kasuwar Babura, shekarun da aka sami mulkin kai, Kawu ya nuna mini wani mahauci mai suna Ɗanjuma ya ce, "Ka yi masa take." Take, ga wanda bai sani ba, shi ne kiɗan mutum na kansa. In aka buga shi, ko mutum yana bayan rumfa, ya san shi ake kira. Kuma doka ce a wurinmu: wanda aka buga wa takensa ba ya yin kamar bai ji ba. Zai tashi ya jinjina, ya ba makaɗi wani abu, ko da ɓarin goro ne.

Ɗanjuma ƙato ne mai tumbi, in yana tafiya tumbin ne ke fara isa. Cikin rabin yini na haɗa kiɗa mai rangaji irin na tumbin, na kawo wa Kawu ina washe baki. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ba ni gula biyu, ɗaya a ka, ɗaya a gwiwa.

"Take na ce ka yi ko zambo? Kai ɗan nan, tumbinsa ka kalla, shi ba ka kalle shi ba. Ajiye kalangun. Kasuwa uku za ka zauna a gefen rumfarsa, hannunka a aljihu."

Sai a kasuwa ta uku na gani. In tsohuwa ta zo sayen nama, Ɗanjuma zai yi ciniki da ita da faɗa kamar zai cinye ta. In ya gama ƙunshewa, sai ya kawar da kai yana zagin wani yaro can nesa, hannunsa kuwa ya jefa tsoka ɗaya a cikin ƙunshin. A kan wannan ɗan motsin hannu na gina takensa. Ranar da na buga masa, ya ba ni hanta guda. Kawu ya karɓe, don al'ada ce yaro ya miƙa wa maigidansa abin da aka ba shi. Ƙamshinta dai na ji.

Shiga makaranta kuwa tsautsayi ne. Firinsifal na farko ya ji ni a wani biki a Roni, lokacin ana ta cewa ya kamata 'yan boko su san kayan gida. Ya kira ni ofis. Akawu ya ce in kawo takardar shaida. Na ɗora kalangu a kan tebur na ce ga ta. A takarda dai tare da mai gadi da masu shara aka rubuta ni, amma yara Malam suke ce mini, ni kuma ban taɓa gyara musu ba. Aka ba ni wani ɗaki a bayan ɗakin cin abinci, mai tsohuwar ƙofa da makulli ƙato kamar na gidan yari.

Shekarun farko, yadda aka koya mini haka na koyar. In buga, su maimaita. Yara arba'in, kalangu shida, sauran su bubbuga benci suna jiran layi. Gula a ka dai an hana ni, na kuwa yi kewarta. Bayan zango biyu sai ga yara sun iya, na yi ta yawo ina hura hanci. Ran nan na tsaya daga nesa ina kallonsu, sai na ga abin da ya kashe mini jiki. Ni ina da wata ɗabi'a ta ɗage kafaɗar hagu in zan matse tsirkiya, saboda wani jaki da ya taɓa kayar da ni a hanyar Gwiwa. Duk su arba'in suna ɗage kafaɗar hagu. Inda nake yin tari, suna tsayawa su yi tari. Ashe ba makaɗa na yi ba, Sallau arba'in na yi, alhali guda ɗayan ma mutane haƙuri suke yi da shi.

Ana cikin haka shekarar fari ta zo, dab da lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira. Damina ta yi rowa, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Makiyaya suka yi ta gangarowa daga arewa ta Babura da shanun da iska ke iya kayarwa. Fata ta yi arha amma ba ta da amfani, dabbar da ta sha yunwa fatarta kamar takarda take, ka ɗaura yau gobe ta tsage. Cikin kalangu shida, biyu suka rage masu magana. Rijiyar makaranta ta ƙafe, kullum bayan la'asar sai yara su ɗauki bokiti su yi layi zuwa wani tafki mai nisa.

A shekarar ne aka kawo sabon firinsifal, Malam Lawal. Dogo ne, ba ya dariya, ƙafarsa ta hagu ta ɗan gaza ta dama, yana jan ta kaɗan. A ƙugunsa akwai tarin makullai, tun daga nesa za ka ji zuwansa. Kuɗin mai kuma sun fara shigowa, sai ga mota daga Kano ta sauke kayan badujala, begila da manyan ganguna masu ƙyalli, tare da wani tsohon soja, Saje Audu, da zai koyar da su. Sati bai cika ba Malam Lawal ya leƙo ɗakina. Ya dubi tsagaggun fatu, ya dubi yara suna bugun benci.

"Sallau, me kake koya musu a nan?"

"Ranka ya daɗe, kiɗa."

"Na ji. Abin da kaka ya buga, jika ya buga. Me yaro zai ƙaru da shi? Kayan Saje suna buƙatar ɗaki mai ƙofa. Ƙarshen zangon nan, bayan ranar ba da kyaututtuka, ka kwashe tarkacenka. Kawo makullin."

Na ba shi. Ya zura shi cikin 'yan'uwansa a ƙugu. Daga ranar, kullum da safe sai na je ofis na rusuna na roƙi a buɗe mini ɗakina. Abin haushin, maganarsa akwai gaskiya a ciki. Ni ma na ga kafaɗu arba'in.

To, mutumin da aka riga aka sallama ba ya tsoron gwaji. Ga shi kalangu biyu ba sa isar aji. Sai na tuna kasuwa ukun nan ta Babura. Na tara yaran na ce, "Sati guda ba mai taɓa gula. Kowa ya zaɓi mutum ɗaya a makarantar nan, kada ya gaya wa kowa. Ya kalle shi, tafiyarsa, aikinsa, yadda yake zama. Ranar Litinin ya zo ya buga mana shi. In aji ya gane wanda ake nufi, ya ci. In ba a gane ba, ya share ɗaki."

Wani ya ɗaga hannu. "Malam, da wane kiɗa za mu buga shi?"

"Da naka."

"Ai ba ka koya mana namu ba."

"Ni ma ba a koya mini ba. Fita."

Litinin ɗin nan ban taɓa ganin aji irinta ba. Wani yaro ɗan Yankwashi ya buga mai tuƙa tuwon makaranta, da yadda muciya ke nauyi tana nauyi har ya tsaya ya share gumi, aji ya gane nan take. Wani ya buga Saje Audu yana fareti shi kaɗai a bayan ɗakinsa. Wani mara kunya ya buga kekena, da ƙarar sarƙa da inda take zamewa a kan tudu, har da saukowata in tura. Na ce ya ci, amma ya share ɗaki duk da haka. Yaran da suka yi shekara suna hamma sai ga su suna rige-rigen karɓar kalangu. Da babu isasshe, wasu suka zo da tulu, wasu da ƙwarya, wasu da karan dawa.

Daga ƙarshe Habu ya tashi. Habu Bafulatani ne daga wata ruga a ƙasar Gwiwa, ɗan aji uku, dogo siriri, ba ya magana sai an matsa. A wajen maimaita kiɗa shi ne na ƙarshe a aji. Duk abin da na buga sai ya karkata shi, na sha ce masa hannunsa na riƙon sanda ne ba na gula ba. Ya fito da wata igiya da ya zura marafan kwalba da ya daddake, a tsakiyarsu ya ɗaura tsohon cokali. Ya ɗaura igiyar a ƙugu, ya rataya kalangu. Ya buga mai nauyi ɗaya, ya biyo da wani mai ja, ya girgiza ƙugu: caras, caras, sai cokalin ya ce kwal. Mai nauyi, mai ja, caras, kwal. Sau huɗu. Sai ya tsaya cik. Sai ya ci gaba.

Bai kai ƙarshe ba aji ya kife. Yara suna faɗuwa daga benci. Malam Lawal ne, da ƙafarsa, da makullansa, har da babban makullina da ke ba da kwal ɗin nan, har da tsayawar da yake yi ba dalili in yana tafiya. Ni da ya kamata in tsawatar, ni na fi kowa dariya, har na riƙe ciki. Wannan shi ne kuskurena, kuma ba na ɗora wa kowa.

Abin da na manta shi ne, take in ya fita ba ya komawa. Kwana uku ya zaga makaranta. Ana buga shi a kan tebur, a kan bokiti, a ƙofar banɗaki. Ranar Alhamis Malam Lawal ya shiga ɗakin cin abinci, sai cokula ɗari uku suka ɗauka a kan kwanuka, a hankali, daidai da takunsa. Ya tsaya, suka tsaya. Ya taka, suka taka. Mutum ko bai san kiɗa ba ya san tafiyarsa.

Aka aiko masinja ya kira ni.

"Wannan ne abin da kake koyarwa?"

"Ranka ya daɗe, rabinsa ne."

"Rabin me?"

"Rabin aiki. Ba a gama ba ya tsere."

"Wa ya yi shi?"

Na ɗaga kai ina kallon silin. Ya ce kada in wahalar da wuyana, ya riga ya sani. Habu zai ɗebo bokiti biyu maimakon ɗaya kullum har ƙarshen zango. Ni kuwa, da ma saura sati uku. Na ce to a yi mini alfarma ɗaya, a bar mu mu yi kiɗan sallama ranar ba da kyaututtuka. Ya ce minti biyar, bayan badujala, kuma in ya ji abin da bai gamshe shi ba, ba zan jira la'asar ba.

Na sami Habu a bayan ɗaki ya haɗa kai da gwiwa. Na ɗaga gula, na tuna an hana, na sosa ƙeyata da ita.

"Kai Habu, take na ce ka yi ko zambo?"

"Malam, ai ka yi dariya."

"Na yi. Ni tsohon banza ne, wannan daban. Ƙafarsa ka kalla, shi ba ka kalle shi ba. Ajiye kalangun. Ka koma ka kalle shi."

"Malam, in na ƙara kallonsa kora ta zai yi."

"To ka kalle shi ta gefen ido, kamar yadda kuke kallon gonar mutane in kuna wucewa da shanu."

Ya ɗago ya ce, "Mu ba ma kallon gonar kowa, Malam. Gonar ce ke zuwa bakin hanya." Na ce tashi ka ba ni wuri.

Ikon Allah, hukuncin nan shi ya yi mana aiki. Da Habu yana da bokiti ɗaya, da dogayen ƙafafunsa shi ke fara dawowa daga tafki. Yanzu da biyu, sai ya koma can ƙarshen layi, inda bai taɓa zuwa ba. Bayan kwana shida ya zo ya same ni ina murza tsirkiya, ya tsuguna.

"Malam, ashe ba ƙafar ce ke tsayar da shi ba."

"Mece ce?"

"Kullum yana bin mu tafki. Shi ne na ƙarshe a layi. 'Yan aji ɗaya in sun gaji suna ajiye bokiti, to shi ne yake tsayawa. Ba ya ce musu komai, ba ya ma kallonsu, sai ya yi kamar yana duba makullansa. Sai sun ɗauka sun wuce shi sannan ya taka. Jiya wani ƙarami ya zubar da ruwansa yana kuka, ya karɓi bokitin ya koma tafkin da kansa. Da ƙafar nan, Malam." Ya ƙara da cewa, "A rugarmu in za a tashi, yayana ne a gaba da shanu. Baffana kuwa kullum yana baya, saboda maruƙa. Har ya saba, ko kasuwa ya je sai ka ga ya tsaya yana waige."

Na ce, "To ka samu. Me za ka yi da shi?"

Abin da ya ce zai yi bai yi mini daɗi ba. Wai ba zai canja ko bugu ɗaya ba, ƙafar tana nan, makullai suna nan. Wurin tsayawar nan kawai zai cika. Yana son 'yan aji ɗaya goma sha biyu, kowa da gwangwanin madara da aka ɗaura wa fata. Fatar kuwa, tsagaggun nan da na jibge a lungu, waɗanda ba sa rufe bakin kalangu amma suna rufe bakin gwangwani.

Na ce, "Gwangwani? A gaban baƙi? Kakana ya yi wa sarakunan fawa kiɗa, ni kuma in fito da gwangwanin madara? Ba a yin haka."

"Malam, wa ya hana?"

Na lissafo Kawu, na lissafo kakana, ashe ba wanda ya taɓa hanawa. Ku yaran yanzu, ku ji wannan da kyau, don nan aikin yake. Koya wa yaro riƙon gula, wata uku ya isa. Amma ka zauna kana kallo yana yin abin da ba a taɓa yi a gidanku ba, bakinka yana ƙaiƙayi, hannunka yana neman gula, ka danne su ka yi shiru har ya gama, wannan ni sai da na kusa furfura na iya. Sati biyu muna gwaji. Sau ɗaya kawai na sa baki, na ce na ƙarshen ya ƙara jinkiri. Shi ma Habu ya ce da ma haka ya yi niyya.

Ranar ta zo. An kafa rumfuna a fili, iyaye sun zo daga Roni da Gwiwa da Babura, wani babba ya zo daga Kano a doguwar mota. Saje Audu ya fito da yaransa cikin fararen kaya, suka yi ta busa har tsuntsaye suka bar bishiyoyi. Gaskiya sun yi kyau, ban taɓa gaya masa ba dai. Sannan aka ce 'yan kalangu. Muka fito: Habu da igiyarsa a ƙugu, ni a gefensa da ɗan karɓi kamar zamanin Kawu, sai 'yan ƙanana goma sha biyu a can baya da gwangwanayensu. Mutane suka fara murmushi.

Habu ya ɗaga gula. Mai nauyi, mai ja, caras, kwal.

Duk ɗalibin da ke wurin ya san wannan kiɗa, ya kuma san abin da ya jawo. Saje Audu ya rufe fuska da hularsa. Na saci kallon Malam Lawal, fuskarsa kamar an sassaƙa ta da gizago. Na ce a raina, Sallau, yau ko la'asar ba za ka gani a nan ba.

Sau huɗu, sai Habu ya tsaya cik. A cikin shirun nan sai gwangwanaye suka taso daga baya, ƙanana, a guje, ba a tare ba, wani na tuntuɓe wani na cim masa, kamar ƙafafun yara a kan yashi. Suka iso ɗaya bayan ɗaya suka yi shiru. Goma sha ɗaya. Habu bai motsa ba, yana dai taɓa marafan kwalbarsa a hankali kamar mai duba makullai. Sai can, mafi ƙanƙanta a makarantar, wani mai kunnuwa kamar faifai, ya taho shi kaɗai: tak, tak, ya huta, tak. Sai da ya iso, sannan babban kalangu ya sauke numfashi ya taka. Mai nauyi, mai ja, caras, kwal.

Baƙi ba su san zancen ba. Amma duk yaron da ya taɓa ajiye bokiti a hanyar tafki ya gane, na ga 'yan aji ɗaya a cikin rumfa suna miƙewa tsaye ba wanda ya ce su tashi. Da aka zagayo karo na uku, Habu ya matse tsirkiya kalangu ya yi magana, ni kuma na ɗaga murya na fassara wa wanda ba ya jin yaren fata: "Lawal na baya! Ba ka shiga gida sai ƙarami ya shiga!"

Muka ci gaba da bugu muna jira. Malam Lawal yana zaune bai motsa ba. Minti biyar ɗinmu sun daɗe da ƙarewa. Sai wani tsoho daga cikin iyaye, da alama mahauci ne don na ga wuƙa a ƙugunsa, ya ɗaga murya ya ce, "Malam, kai ake kira fa! Ba a barin makaɗi a rana!"

Ya tashi. Ya sauko daga rumfa ya ratso fili, Habu yana bin takunsa ɗaya bayan ɗaya, makullan gaske da na marafan kwalba suna amsa wa juna. Da ya iso gabanmu ya dunƙule hannu ya jinjina, a kunyace, kamar wanda bai taɓa yi ba. Sai ya shiga laluben aljihu. Kwat ce a jikinsa, ba goro, ba komai, sai hankici da takardar jawabi. Ya laluba dama, ya laluba hagu, mutane suna kallo. Can sai ya kai hannu ƙugu, ya yi ta fama da zoben makullan har ya zare babban, ya ɗora a tafin Habu. Habu kuwa, ba wanda ya koya masa, ya juyo ya rusuna ya miƙo mini.

Malam Lawal ya matso kusa da kunnena, wanda bai yi ritaya ba, ya ce, "Sallau, da ma haka nake tafiya?"

"Ranka ya daɗe, har an rage."

Ya ce, "Allah ya shirye ka." Ya juya. Wasu sun ce sun ga haƙorinsa a ranar, ni dai ban gani ba, ba zan yi shaidar zur ba.

Kayan Saje aka kai su wani ɗakin. Daga shekarar, duk yaron da ya shigo ajina, satinsa na farko ba ya taɓa gula, kallon mutane yake fita. Kuma kafin ya fita ina gaya masa zancen tumbin Ɗanjuma, don kada in sake mantawa da rabin aikin. Saboda haka, Nura, gindin bishiyar da ka ce, gaskiya ne na zauna a can. Amma idona biyu, bakina nake tsaro.

Da aka dawo hutu, Habu ya zo ya same ni a ƙofar ɗaki, na buɗe da kaina, ina ta juya makullin a yatsa don kowa ya gani. Fuskarsa a murtuke.

"Malam, kiɗan nan ya lalace."

"Wane ne ya lalata shi?"

"Yanzu na ga Firinsifal ya wuce. Caras kawai yake yi, babu kwal. Babban makullin ne ke ba da shi, ga shi a hannunka." Ya dubi makullin, ya dube ni. "Ko za ka mayar masa, ko na kwana biyu ne?"

Na jefa shi aljihu na dafe da hannu.

Na ce, "Habu, je ka cire cokalin."